Sun sabunta manhajar sifika, Baba ya rasa karatunsa na asuba

Maman Ilham, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Damuwa ce ta kawo ni, na kuma san akwai masu ilimin waya a nan. Shekara 3 ke nan da yayanmu da ke aiki a Ingila ya aiko wa Baba sifika, irin wadda ake sarrafawa da manhaja ta waifai. Baba hawan jinin ido ya cinye masa gani, haske da duhu kaɗai yake bambancewa, kunnensa na hagu ma ya yi nauyi. In babu wuta, kiran sallar unguwarmu ba ya kaiwa ɗakinsa. Shi ya sa na saita masa ita a kan ɗan solar gida: kafin asuba karatu zai fara a hankali, yana ƙara ƙarfi, sai ya tashi zaune, ya laluba butarsa a gindin gado, kafin ya gama alwala jikansa ya zo ya riƙe masa sanda su tafi masallaci. Da dare kuma tafsiri yake ji, na sa ta kashe kanta bayan minti 30.

Tafsirin nan ba na intanet ba ne. Kaset ne na malaminsa, Allah ya jiƙansa, guda 40 da wani abu, muka kai Sabon Gari aka juye mana su, muka zuba a tsohuwar wayar da ke ɗakinsa. Daren Talata wayar ta sabunta manhajar da kanta. Ranar Laraba Baba ya rasa jam'in asuba. Bai yi wa kowa faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Yau ba a tashe ni ba." Wallahi maganar nan har yanzu tana cina. Na buɗe manhajar: babu wurin saita ƙararrawa, babu na kashe kai, babu hanyar kunna abin da ke cikin waya. Sai hotunan mawaƙan da ban sani ba, da wurin da ake cewa in shiga da imel. Don Allah akwai yadda zan dawo da tsohuwar?

Mai Gyara na PZ:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wayar Android ce ko iPhone? Kuma da kika buɗe, kin ga fitilar sifikar tana ƙyaftawa na wasu mintoci, ta mutu ta sake tashi?

Maman Ilham, Tudun Wada:
Android ce. E, ta yi haka da safen Larabar, har na ɗauka lalacewa ta yi.

Mai Gyara na PZ:
To a nan gizo ke saƙar. Manhaja biyu ce a harkar, ɗaya a waya, ɗaya a cikin cikin sifikar. Ta wayar a Android ana iya cire ta a nemo tsohon zubi a sa, a iPhone kam babu wannan ƙofar. Amma ƙyaftawar da kika gani, ta cikin sifikar ce aka sauya. Sau da yawa in an sauya ta, tsohuwar manhajar waya ba ta ƙara gane sifikar, ko ta buɗe ta tsare ki a ƙofa ta ce sai kin sabunta. Zan gwada miki, amma ba zan yi miki alkawari ba. Kuma don Allah kada ki je ki sauko da tsohon zubi daga kowane shafi kika gani, ta nan ake cusa wa mutane manhajar satar lambobin banki.

Baban Sadik, Hanwa:
Sonos ce? Labarin ya yi kama sosai.

Maman Ilham, Tudun Wada:
A'a, ba ita ba ce, wani kamfani ne daban.

Shugaban Zaure:
A bar shi haka ba suna, kamar yadda muka saba in ƙorafi na mutum ne shi kaɗai. Abin da duniya ta riga ta sani kuma aka buga a jaridu, wannan a faɗa.

Baban Sadik, Hanwa:
Na gode ranka ya daɗe. Abin da ya sa na tambaya, na bi labarin Sonos tun daga farko, domin irin wannan ne sak. Kamfanin Amurka ne, a Kalifoniya, sifikunsu masu tsada ne. Ranar 7 ga Mayu 2024 suka fito da sabuwar manhaja da suka gina daga tushe. Mutane suka wayi gari babu agogon kashe kai, saita ƙararrawa ya gagara, neman waƙoƙin da mutum ya tara a kwamfutarsa ya lalace, ko jeren abin da kake ji ba ka iya gyarawa. Makafi masu amfani da manhajar karanta allo su suka fi kowa shan wuya. Da aka fara kuka, wani babban jami'insu ya fito ya ce ai sake gina abu daga tushe jarumta ce. Wannan maganar ta ƙara wa wutar fetur.

Sai 25 ga Yuli shugaban kamfanin, Patrick Spence, ya rubuta takardar neman afuwa. A watan Agusta suka gaya wa masu hannun jari cewa gyaran zai ci dala miliyan 20 zuwa 30, suka jinkirta sababbin kaya biyu, suka sallami ma'aikata kusan 100. Mutane suka ce to ku dawo mana da tsohuwar mana. Ya ce sun duba, dawo da ita zai ƙara dagula lamarin ne, saboda an riga an sauya abin da ke cikin sifikun da na sabar kamfani, wato manyan kwamfutocinsu. Daidai abin da Mai Gyara ya faɗa. A Janairu 2025 ya sauka daga kujerarsa, Tom Conrad ya karɓa. Mutum ya rasa shugabancin kamfani a kan ƙararrawa da jeren waƙa, Hajiya, don haka kada wani ya ce miki abin da kike kuka a kai ƙarami ne.

Abba, Samaru:
Ina jajanta wa Anti, da gaske. Amma bari in faɗi ɗaya ɓangaren, tunda rubuta manhaja nake koyo kuma ina ɗan taɓa aikin. Ba mugunta ce ke sa a sake gini ba. Manhajar da ta shekara 10 ana yi mata faci tana zama kamar tsohon gidan ƙasa a cikin Birni, ka taɓa wannan bango wancan ya tsage. Ga shi Google da Apple kullum suna sauya dokokinsu. Misali, daga Android 11 an ƙuntata yadda manhaja ke shiga fayilolin da ke cikin waya, don kare sirrin mutane. Wasu kamfanoni maimakon su sake rubuta wannan sashen sai su cire shi. In ba a sabunta ba kuma, ɓarayin intanet su sami ƙofa. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza.

Malama, Tudun Jukun:
Abba ɗana, ban ƙi ta taka ba. Amma wanda zai rushe gida ya sake gini, ai sai ya tanadar wa mutanen gidan inda za su kwana. Ni ma abin ya taɓa ni bara, da wata 'yar sifika da muke hadda da ita a Islamiyya. Akwai wurin da nake danna farkon aya da ƙarshenta, ta yi ta maimaitawa, yara 50 suna bi, ni kuma ina zagayawa ina gyara musu baki. Aka sabunta, maimaitawar ta ɓace, aka kawo mini fitilu masu launi da ke rawa da sauti. Me zan yi da fitila a ajin hadda? Yanzu da yatsa nake ja baya, in wuce, in dawo, yara su yi ta surutu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Abba, Samaru:
Gaskiya ne Mama. Abin da ke faruwa shi ne suna duba alƙaluman amfani. In suka ga mutum kaɗan ne ke taɓa wani maɓalli, sai su ce a bar shi sai daga baya.

Sani, Wusasa:
To Abba, tsaya nan, domin ni ne mutum kaɗan ɗin. Ni makaho ne tun ina shekara 9, wannan saƙon ma da TalkBack, manhajar da ke karanta mini allon waya, nake rubuta shi. Ka san yadda sabuntawa take a wurinmu? Kai in an sauya wa maɓalli wuri, ido za ka ɗaga ka gan shi. Ni hanya na haddace: shafa uku zuwa dama, danna biyu, karatu ya tashi. In mai rubuta manhaja bai sa wa maɓalli suna ba, abin da wayar za ta ce mini kawai shi ne "maɓalli", "maɓalli", "maɓalli", har goma, ban san na ƙara murya ba, ban san na goge komai ba. Kamar ka dawo ɗakinka ne ka tarar an kwashe kayan an sauya musu wuri ba a gaya maka ba, ka yi ta buga ƙauri.

Kuma alƙaluman da kake faɗa, su waye a ciki? Wanda yake kan intanet dare da rana shi ake ƙirgawa. Tsoho a Tudun Wada da ke jin kaset ɗin malaminsa ba tare da data ba, ko alama ba ya fitowa a lissafinsu. Rashin ganinsa a takarda ba ya nufin ba ya nan. Hajiya, ki gaida Baba, ki ce masa ɗansa na Wusasa ya san abin da ya ji ranar Laraba.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Malam Sani, na karanta wa Baba saƙonka. Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya yi maka albarka. Na gode.

Abba, Samaru:
Yaya Sani, na karɓa. Sa wa maɓalli suna layi ɗaya ne a rubutu, ba ya cin minti biyu. Wanda ya bar shi sakaci ya yi, ba ni da abin kare shi. Ni kaina ban taɓa kunna TalkBack na gwada abin da na rubuta ba, yau zan yi.

Mai Kiɗan Biki, Sabon Gari:
Namu kuma na kasuwa ne. Sifika biyu nake haɗawa a wurin kamu, ɗaya gaba ɗaya baya. Na ƙaro ta uku, kamfani ɗaya, sai manhajar ta ce sabuwa ba ta haɗuwa da tsofaffi. Kebul na koma ja a tsakar gidan mutane.

Alhaji, Danmagaji:
Ni fa ina ganin laifin namu ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Rediyon mahaifina mai batir huɗu har yau tana kama tasha, ba ta taɓa neman imel ɗin kowa ba. Mu muka bar abin da muka iya muka bi na yayi.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Alhaji, da girmanka, ba rariya muka saya ba. Rariya da hujinta ake sayar da ita, kana gani ka biya. Wannan ƙwarya ce lafiyayya muka saya, muka sha ruwa da ita shekara 3, sannan mai ita ya biyo dare ya huda ta. A jikin kwalin an zana ƙararrawar nan, kwalin yana nan a kan durowa. Ita ce dalilin da ya sa Yaya ya zaɓe ta.

Malam, Ƙofar Doka:
Maganar Hajiya ta sa na ajiye abin da nake yi. A fiƙihun ciniki, in ka sayi kaya ka tarar da aibin da yake tun a hannun mai sayarwa kuma ba a bayyana maka ba, kana da zaɓin mayarwa. In aibin a hannunka ya faru, naka ne. Haka in an sharɗanta wata siffa, aka ce saniyar nan mai nono ce, ta zamo ba haka ba, kana da magana. To wannan mas'alar ta zo da sabuwar fuska: aibin bayan ciniki ya faru, a ɗakin mai saye, amma da hannun mai sayarwa. Asalin ciniki shi ne mallaka ta tashi daga wannan ta koma wancan, hannun mai sayarwa ya fita. A nan kuɗi ya tafi, kaya ya zo, amma hannun bai fita ba. Ba fatawa nake bayarwa ba, mas'ala ce da ta cancanci malamai su zauna a kanta da masu ilimin na'ura. Abin da zuciyata ta natsu da shi dai, rage wa mutum amfanin abin da ya biya ba da yardarsa ba, ba adalci ba ne.

Ɗalibar Shari'a, Kongo:
Allah ya gafarta Malam, su kamfanonin amsarsu a shirye take. Za su ce ƙarfen da robar ka saya, manhajar kuwa aron ta aka ba ka, kuma ka danna "na yarda" a ƙarƙashin dogon rubutun da ya ba su damar sauya ta duk lokacin da suka so. Yardar da babu wanda ya karanta. Akwai ma wanda ya fi na Hajiya muni: Spotify, mai manhajar jin waƙoƙi, ta sayar da wata 'yar na'urar jin waƙa a mota mai suna Car Thing, sannan ta sanar cewa daga 9 ga Disamba 2024 za ta daina aiki gaba ɗaya. Lafiyarta ƙalau, daga nesa aka kashe ta. Sai da aka yi ca a kansu kafin maganar mayar da kuɗi ta fito fili.

Tarayyar Turai tun 2022 dokarta ta ɗora wa mai sayar da kaya masu manhaja nauyin sabuntawar da za ta sa kayan su ci gaba da aiki yadda aka sayar da su, ga garantin aƙalla shekara 2. Mu nan muna da dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC, kuma ba ta rasa haƙori ba, ita ce ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024. Matsalar Anti ita ce a waje aka sayi kayan, rasit ɗin da sunan yayanta. Shi ya fi dacewa ya rubuta musu daga can.

Alhaji, Danmagaji:
To ai kin dawo kan maganata, 'yata. Abin da sai an rubuta takarda Ingila kafin ya tashe ka sallah, ni ban ga amfaninsa ba.

Baban Sadik, Hanwa:
Alhaji, amma rubutun yana aiki. Mutanen Sonos da sun yi shiru da ba a dawo musu da komai ba. Kuka suka yi ta yi a shafukan intanet da wurin ba manhaja maki, kamfanin ya fitar da jadawali, yana mayar da abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Mu matsalarmu mukan ce "haka Allah ya so" a inda mutum ne ya yi sakaci. Kowa a nan da abin ya shafa ya shiga Play Store ya rubuta abin da aka cire masa, da sunan abin, ba zagi ba. Ko da Hausa ne a rubuta.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Na kira Yaya jiya. Ashe da imel ɗinsa aka yi wa sifikar rajista tun farko, lambar shiga can take zuwa, kuma kafin ya fito daga aikin dare ya turo mini ta riga ta mutu. Sau uku muna yi. Da muka samu shiga, sai manhajar ta nuna mini in ina son karatu in jawo shi daga intanet. Wato abin da ke cikin wayar da ke kan tabarma, taku biyu daga sifikar, ba zai kai gare ta ba, amma na wata ƙasa zai kai. Ga tsadar data tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Kuma ko kyauta ce datar, muryar malamin Baba ba ta can.

Mai Gyara na PZ:
Hajiya, juya bayan sifikar ki duba. Akwai ƙaramin rami irin na abin sauraro na kunne? Ko maɓalli mai alamar Bluetooth?

Maman Ilham, Tudun Wada:
Akwai ramin. Bluetooth ban gani ba.

Mai Gyara na PZ:
Alhamdu lillahi, an samu hanya. Ki sayi kebul mai kai biyu iri ɗaya, duk masu kayan waya suna da shi. Kai ɗaya a tsohuwar wayar, ɗaya a sifikar. Sai mu bar manhajarsu gefe: agogon wayar da kansa zai yi ƙararrawar, a zaɓa masa fayil ɗin karatun a matsayin sautinsa, akwai ma wurin sa shi ya riƙa ƙaruwa a hankali. Na dare kuma a sa manhajar jin sauti mai agogon kashe kai, suna da yawa kuma ba sa buƙatar data. Abu ɗaya zan gwada tukuna: wasu sifikun in sun daɗe shiru barci suke yi, ba sa farkawa da sautin kebul. In taki irin su ce, to sai 'yar MP mai cin memori, mai maɓallai masu tudu da Baba zai laluba da kansa.

Kuma jama'a, duk wanda wani nasa ya dogara da wata manhaja, ya shiga Play Store, ya buɗe shafin manhajar, ya taɓa ɗigo ukun da ke sama, ya cire alamar sabunta kai. Na banki da WhatsApp a bar su suna sabuntawa saboda tsaro. Irin wannan kuwa a jira mako biyu a ji abin da mutane ke cewa.

Malama, Tudun Jukun:
MP ɗin da kake faɗa akwai mai maimaita aya?

Mai Gyara na PZ:
Akwai masu maimaita fayil guda, Mama. In an yanka miki surar aya-aya a memori, zai yi miki aikin. Ki turo yaro da memorin, ba sai kin biya ba.

Sani, Wusasa:
Mai Gyara, in za ka zaɓa wa Baba MP, ka rufe idonka ka gwada ta da hannu kafin ka ba shi. Maɓallin kunnawa ya bambanta da sauran a taɓawa. In duk girmansu ɗaya ne, ka ɗiga masa ɗan gam ya bushe a kai.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Jama'a ga yadda aka kwana. Na sayo kebul ɗin da yamma, ɗan Mai Gyara ya zo ya saita. Tamu ta farka da sautin kebul. Ban yi barci sosai ba, tun ƙarfe 4 nake zaune a bakin ƙofar ɗakin Baba da waya a hannu. Lokaci na yi karatun ya tashi, ƙasa-ƙasa, na ji motsin gadonsa, na ji ƙarar murfin buta. Ya samu jam'i. Abin da ya rage, ƙarfin muryar sai an daidaita a wuri biyu, waya da sifika, kuma in an zare wayar don caji aka manta ba a mayar da kebul ba, shi ke nan. Na manna takarda a bango saboda yara. Yaya ya rubuta wa kamfanin, sun amsa da cewa suna aiki a kan dawo da wasu abubuwan, ba su faɗi rana ba. Ni ma na rubuta nawa a Play Store, da Hausa, na lissafa ukun da suka cire.

Mai Gyara na PZ:
Madalla. Ki kawo wayar ranar Asabar bayan la'asar in kwafe miki tafsirin a memori biyu, ɗaya ki ajiye a wani gidan. Wayar ta tsufa, batirinta ya fara kumbura.

Maman Ilham, Tudun Wada:
In sha Allahu zan zo. Zan haɗo da kaset ɗin guda 6 da ba a juye ba.